Littafin Unguwa: Yadda Muka Haɗa Aikin Lafiya a Bakin Garin Gadarif

A Gadarif ruwa ne ke raba mutane gida biyu. Akwai unguwannin da bututu ya kai, ko da ba kullum ruwan ke zuwa ba, akwai kuma irin tamu ta bakin gari, inda ruwa ke zuwa a ganga bisa amalanken jaki da muke kira karo. Wanda ya fi kowa talauci shi ke sayen ruwa da tsada, shi ne kuma ke ajiye shi kwana da kwanaki a randa da jarka. Ƙasarmu baƙar laka ce, da rani ta tsattsage, da damina ta riƙe ƙafar mutum da tayar mota. Daga Yuni zuwa Oktoba, idan aka kwana ana ruwa, mai naƙuda a layinmu na ƙarshe ta yi nisa da asibiti, ko da tana hango fitilunsa daga ƙofar gida.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙaramar cibiyar lafiya, kuma a unguwar aka haife ni. Kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su Sudan daga ƙasar Hausa. Wasu sun zo cikin ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903, ayarin da ya kafa garin Mai Wurno a gaɓar kogin Nil Azrak, wato Blue Nile, wasu kuma daga baya audugar Jazira da gonakin dawa da riɗi na Gadarif suka zaunar da su. 'Yan Sudan ne mu, Larabci muke yi a kasuwa da makaranta, amma a cikin gida, musamman a bakin tsofaffin mata, ciwo da Hausa ake faɗinsa.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun sa-kai na RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, mutane suka yi ta kwararowa gabas. Makarantu suka koma masauki, kuma a makarantun ne ake rubuta sunayen masu gudun hijira don rabon taimako. Namu baƙin ba a aji suka sauka ba. Ba wanda zai bar ƙanwar uwarsa ta kwana a makaranta alhali yana da rumfa a tsakar gida. Sai ya zama gidajenmu sun cika maƙil, masai ɗaya, ganga ɗaya, amma a takarda unguwarmu ba ta da baƙo ko guda. Da damina ta yi nisa zazzaɓin dengi ya kwantar da gari, sannan ranar 26 ga Satumba aka sanar da ɓarkewar kwalara a jihar Gadarif.

Ba zan ce an manta da mu ba. Ma'aikata sun zo, sun kuma yi ƙoƙari. Sai dai kowa da ranarsa, kowa da takardarsa, kowa da tambayoyinsa irin na wanda ya zo jiya, kuma kowa inda motarsa ta tsaya nan aikinsa ke tsayawa. Layukan da ke hayin kwari, inda aka fi talauci aka fi cunkoso, sai dai su ji labari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta tare ni a hanya ta ce, "'Yata, ku da kuka yi karatu ku daidaita bakinku mana. Jiya an ce in jefa magani a randa in rufe. Yau wasu sun ce in zubar in wanke. Ruwan da na saya da kuɗin aikatau ɗin jikana shi zan zubar?"

Na ce, "Inna, ki bar ruwanki, zan dawo miki da magana ɗaya."

Duka ɓangarorin biyu gaskiya suka faɗa mata. Masu yaƙi da kwalara suna so a sa wa ruwa kulorin, maganin da ke kashe ƙwayoyin cuta a ruwa. Masu yaƙi da dengi kuma sun san sauron da ke kawo shi ba a kwata yake haihuwa ba, a ruwa mai kyau na randa da ganga yake, yana manna ƙwansa a jikin bangon mazubin, kuma da rana yake cizo, don haka gidan sauro na dare bai isa ba. Amma babu ɗayansu da ya tsaya ya duba cewa randa ɗaya ce, mace ɗaya ce, kuma ruwan na kuɗi ne. Maganar da ta dace gajeriya ce: ranar da ruwa ya ƙare, kafin mai karo ya juye sabo, a dirje cikin randar da soso, a zuba ruwa mai magani, a ɗaure bakinta da ƙyalle mai tsabta. Kafin wannan gajeriyar magana ta fito sai da wani ya zaunar da mutanen ofis biyu a tabarma ɗaya. Daga nan na gane cewa abin da unguwarmu ta rasa shi ne mai haɗa bakin zaren, kuma dole ya fito daga cikinmu.

Wajen shehun unguwa na fara zuwa. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baba, ranka ya daɗe, so nake a tara mini mutanen da ke shiga kowane gida ba tare da an tambaye su me ya kawo su ba." Ya yi shiru, sannan shi da kansa ya shiga lissafa su: limamai, malamin makarantar allo, ungozoma, masu karo, masu raksha (babur mai ƙafa uku na haya), mata masu sayar da shayi, da samarin da suka kafa ɗakin agajin gaggawa tun farkon yaƙi, irin waɗanda suka bazu a unguwannin Sudan. Ungozomarmu mai horo ce, tana yawo da akwatinta na ƙarfe, gadon aikin da aka fara koyarwa a makarantar ungozomomi ta Umdurman tun 1921. Ita ta san cikin da ke kowane gida tun kafin surukai su sani.

Abu na farko da na nema shi ne littafi, a rubuta ko su wa ke unguwar. Nan taro ya ɗau zafi. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Sista, rubuta suna ba wasa ba ne. Yau ki rubuta don magani, gobe wa zai karanta?" Ban ga laifinsa ba. Mutanenmu sun daɗe suna shan tambayar asali a bakin tagogin ofisoshi, akwai tsofaffin da aka haifa a nan amma har yau ba su da lambar zama ɗan ƙasa, kuma ba tare da ita ba katin inshorar lafiya yana wuyar samu. Ga rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Nil Azrak a Yulin 2022 bai bushe a zukata ba, don a cikin taron akwai waɗanda daga Damazin da Rusairis suka gudo. A lokacin yaƙi kuwa, takarda mai jerin sunaye da garin da mutum ya fito abin tsoro ce, kuma tsoron yana da dalili.

Mun kai dare kafin muka daidaita. Littafin ba zai ɗauki ƙabila ba, ba zai ɗauki lambar ɗan ƙasa ba, ba zai ce wane baƙo ne wane ɗan gida ba. Kowane gida za a shafa masa lamba a ƙyaure. A gaban lambar za a rubuta mutum nawa ke kwana, yara nawa ba su kai shekara biyar ba, mai ciki nawa, tsoho nawa, wa ke da ciwon suga ko hawan jini, daga ina ake samun ruwa, akwai masai ko babu. Sunan yaro da na uwarsa suna wani ƙaramin littafi dabam a hannun ungozoma. Babban littafin yana kwana a gidan shehu, ofis kuma jimla kawai za a kai masa. Har yau ina ganin wannan yarjejeniya ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya. Da mun dage sai an rubuta komai, da gidajen da suka fi buƙatarmu su za su fara rufe ƙofa.

Taswirar kuwa masu karo ne suka zana ta da tsinke a ƙasa, muka kwafe a bayan kwali. Ban taɓa ganin mutanen da suka san unguwa kamarsu ba. Sun san gidan da ya koma sayen rabin ganga don kuɗi ya yanke. Sun san gidan da ruwansa ya ninka cikin mako guda, wato baƙi sun sauka. Sun san lungun da jaki ke bi idan babbar hanya ta jiƙe. Shekara da shekaru ana kallonsu a matsayin masu yaɗa cuta, ba a taɓa kiransu taro ba.

Da su muka yi aikin da ya fi kowanne wuya. Raba ƙwayar kulorin gida-gida bai yi mana ba, saboda ƙwayoyin girmansu ya bambanta, wata ta jarka ce wata ta fi haka, rubutun jikinsu kuma ba kowa ke iya karantawa ba. Sai muka koma inda ake cika ganga. Aka koya wa samari biyu-biyu yadda za su auna ruwan maganin da sirinji gwargwadon girman ganga, su zuba tun ana cikawa. Kulorin yana buƙatar rabin sa'a kafin ya gama aikinsa, tafiyar jaki daga mashaya zuwa unguwa kuma ta kan cinye wannan lokacin, don haka mai karo bai yi asarar sawu ba. A ƙofar gida muna gwadawa da ɗan kwalabar gwaji mai canza launi, muna neman aƙalla rabin miligiram a kowace lita ya saura a ruwan. Ruwan tafki mai laka shi ne matsala, domin dattin yana shanye maganin. Irin wannan sai an fara kwantar da shi da alif ko garin ƙwayar zogale, dabarar da matan karkarar Sudan suka daɗe suna yi wa ruwan kogi, a tace, sannan a sa magani.

Mutane ba su karɓa da sauƙi ba. Wasu sun ce ruwan yana wari, wasu sun ce ya ɓata shayi, sannan raɗe-raɗin da muka saba ji ya taso, wai maganin hana haihuwa ne. Shugaban masu karo ya same ni ya ce, "Anti, idan aka ƙi ruwana aka koma wa wanda bai sa magani ba, wa zai ciyar da jakina?" Tambayarsa ta fi duk wata lacca da na taɓa ji amfani. Muka tsayar cewa rana ɗaya kowa zai fara, ba mai riga wani, kuma duk gangar da aka sa wa magani za a ɗaura mata koren ƙyalle. Masu shayi suka gwada suka ga idan ruwan ya tafasa warin yana raguwa, su suka kashe maganar shayi a bakin kasuwa. Limamin babban masallaci kuma, bayan sallar Juma'a, ya sa aka tsayar da karo a ƙofar masallaci, ya ɗebi kofi ya sha, ya ba ɗansa.

Kwalara tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, amma idan aka mayar masa da ruwan jikinsa da wuri, wanda ke mutuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Tsakanin waɗannan biyun babu komai sai hanya da dare. Don haka a kowane rukunin layuka muka zaɓi gida ɗaya na macen da ake jin maganarta, muka ajiye mata jarkar ruwa mai magani, kofuna, sabulu da ƙullin gishiri da suga na asibiti, kowane ƙulli a lita ɗaya. Idan ƙullin ya ƙare ta san haɗin gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro a haɗa masa da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, mai shan nono kada a cire shi. Mun koya musu alamun da ba a jira da su: gudawa kamar ruwan wankin shinkafa, ido ya faɗa, fata a tsunkule ta ƙi komawa, fitsari ya ɗauke, mutum ya kasa sha. Mai irin wannan sai cibiyar kwalara, ana tafe ana ɗura masa ruwan a hanya.

Masu raksha suka raba kwana tsakaninsu, kowane dare akwai mai barin wayarsa a kunne. Ranar laka kuma samari ke ɗaukar mara lafiya a gadon igiya har bakin kwalta. Kuɗin mai daga asusun unguwa yake fita, wanda mata ke zubawa kamar adashi, 'yan'uwanmu na Jidda da Makka kuma suna turowa ta manhajar banki ta waya mai suna Bankak. Da layukan waya da intanet suka ɗauke a Fabrairun 2024, kuɗi suna asusu amma ba a iya taɓa su. Tun daga lokacin kullum akwai tsabar kuɗin dare a hannun mutum biyu.

Maganar gawa ita ce ban son tunawa. Gawar mai kwalara tana yaɗa cutar, dole masu wanka su zama kaɗan, da safar hannu, da ruwan kulorin mai ƙarfi na kashi biyu cikin ɗari, a kuma daina wanke hannu a kwano ɗaya wajen abincin zaman makoki. Ni ban isa in faɗa wa uwa kada ta rungumi ɗanta ba. Na je wajen liman na ce, "Allah gafarta Malam, wannan nauyin naku ne." Shi ya tara mata masu wanka da maza masu wanka, ya karanta musu hadisin da ke cewa babu cuta babu cutarwa, ya nuna musu cewa wanka da likafani da salla duk suna nan, ba abin da aka rage wa mamaci. Ya kuma riƙa zuwa gidan rasuwa da kansa kafin kowa.

Sai kai jimlar ofis. Akwai taron mako-mako da ma'aikatan lafiya da ƙungiyoyi ke yi a ƙaramar hukuma, na nemi kujera. Da farko wani jami'i ya duba kwalinmu ya ce layukan hayin kwari ba sa cikin tsarin gari, don haka ba sa cikin lissafinsa. Na ce masa, "Ustaz, yaran da ke can a asibitinku ake kwantar da su, a lissafin gadajenku suna ciki." Ba rana ɗaya aka saurare mu ba, amma mai zuwa da adadi a hannu ba kamar mai zuwa da kuka ba ne. A hankali masu shirin fita suka fara tambayata gida nawa ne a layi kaza, ta ina ake shiga.

Amfanin hakan ya bayyana a watan Nuwamba 2023, da aka zo rigakafin kwalara na ɗigawa a baki. Sau ɗaya ake bayarwa maimakon biyu, saboda tun Oktoban 2022 ƙarancin maganin a duniya ya sa aka koma haka, ke nan wanda ya kuskure ya kuskure. An tsara ma'aikata su bi gida-gida da hantsi. Amma lokacin kaka ne, an gama yankan riɗi an shiga dawa, maza da samari suna barin gida tun asuba, wasu ma a gona suke kwana. Muka roƙa a ajiye tebur a tashar da manyan motoci ke kwasar ma'aikatan gona, da wani a ƙofar masallaci bayan magariba, kuma kowace tawaga da za ta shiga gida a haɗa ta da mace mai jin Hausa. Na tasha da na mata mun samu. Na dare ba a yarda ba, aka ce ba a fita da magani bayan faɗuwar rana, sai muka cike gurbin da safiyar Juma'a. Kowace yamma muna buɗe littafi mu ga gidan da aka tsallake, washegari a koma.

Bayan haka abubuwa suka riƙa zuwa a jere. Garin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kowane karo sabbin baƙi, kuma masu karo ke fara kawo labari. Kwalara ta dawo a Agustan 2024, ta same mu da gidajen ruwan gishiri a shirye. Da samari suka buɗe takiyya, inda ake dafa abincin sadaka a babbar tukunya, muka zaunar da 'yan mata biyu a bakin layi da zaren awon damtse. Yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, idan damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, zaren ya nuna ja, ranar za a kai shi cibiya a fara ba shi abincin gyaɗar nan na magani. Uwar da ba za ta taɓa zuwa awo ba, za ta zo karɓar abinci.

Akwai kuma cutar da ta fi zama tamu, kala'azar. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne ke kawo ta, mai zama a tsagar baƙar ƙasa da kewayen itatuwan aduwa da talha, daidai inda samarinmu ke kwana lokacin aikin gona. Sai bayan watanni saurayi ya fara zazzaɓi, ya rame, saifa ta kumbura, a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. In ba a yi magani ba kisa take, alhali akwai gwajin jini na gaggawa da allurai na kwana 17. Muka ƙara layi ɗaya a littafi: duk zazzaɓin da ya wuce mako biyu a gidan da ke da ɗan gona, a sanar da ni.

Ba komai ya tafi daidai ba. Samarinmu ba albashi suke karɓa ba, wasu sun gaji, wasu neman abinci ya kai su wani gari, kullum muna koya wa sababbi. Mu ma'aikata ma an sha yin watanni ba a ga albashi ba. Masu ciwon suga da hawan jini mun rubuta su tsaf, amma rubutu bai kawo musu magani ba, kuma wannan yana ci mini rai, don na sa sun yi tsammani.

A Nuwamba 2024 Sudan ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga jarirai, aka kuma fara da jihohi biyu, Gadarif da Nil Azrak. Allura huɗu ce, ta huɗun tana zuwa watanni da yawa bayan ta uku, lokacin da uwa ta ɗauka an gama. Ƙaramin littafin ungozoma shi ke tuna mana ranar kowane yaro. Sai dai tun da sojoji suka karɓe Madani a Janairun 2025, Khartum kuma a Maris, baƙinmu suka fara komawa, yara da yawa suna tsakiyar alluransu. Yanzu duk gidan da muka ji ana ɗaure kaya, ungozoma takan je da daddare ta kwafe wa uwa komai a kati: allurar da aka yi da ranarta, wadda ta rage, awon damtse na ƙarshe, maganin da yaron ke sha. Muna sa katin a leda saboda ruwa, mu rubuta lambar wayar cibiyarmu a baya, mu ce ta nuna shi a cibiyar lafiya ta farko da ta samu a buɗe. Wasu ma'aikatan can sun kira mu, mun karanta musu abin da ke littafi.